DON ME WAƘOƘI BIYU MASU TSAWO ƊAYA SUKE BAMBANTA NAUYI A KWAMFUTA?

Lacca ce da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan ƙasar Kazaure lokacin hutu



Da farko ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace a ba ƙaramin ɗalibi irina 'yan mintoci ya yi magana a gaban na gaba da shi. Batun da na zaɓa, in an ji shi daga nesa sai a ce na masu kwamfuta ne kurum, bai shafi malamin makaranta ko akawun ƙaramar hukuma ba. Amma ina fata kafin in zauna za ku yarda cewa ya shafi duk wanda akwai tsohon kaset a gidansu, kuma ban tsammanin akwai gida guda a cikinmu da babu shi.

Tun da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, har ya cika kasuwanninmu a shekarun 1970 da 1980, iyayenmu suka yi ta ɗaukar magana. A Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura za a sami kwalaye a ƙarƙashin gado, cike da tafsirin watan azumi, da kiɗan hawan salla na tun lokacin da ƙasar nan take cikin Jihar Kano kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, da waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos da aka kwafa daga Rediyon Kaduna, da saƙon murya na ɗan'uwa da ke zaune a Makka, da wani tsoho yana ba da labarin Ɗan Tunku da Dambo yadda ya ji daga kakansa. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, amma waƙoƙinsu suna hannun dubban mutane, ba za su ɓace ba don kaset ɗinka ya lalace. Muryar wancan tsoho kuwa, wataƙila zaren da ke cikin kwalinka shi kaɗai ne ya rage a duniya. Zaren nan siririyar leda ce da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu. Zafin watan Afrilu yana gasa shi, ƙurar hunturu tana kankare shi, raɓar damina tana sa shi fumfuna, ga shi kuma rikodar da za ta juya shi kullum sai ƙara wuyar samu take yi.

Saboda haka ne wasu daga cikinmu, musamman 'yan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da waɗanda suka yi makarantar kwamfuta da aka kafa a garin nan zamanin gwamnatin Saminu Turaki, suke mayar da kaset cikin kwamfuta. Wannan aiki ne na lada. To, amma duk wanda ya fara shi da hanyar da ake kira FLAC, ba ya daɗewa sai ya ci karo da abin da zai ɗaure masa kai. Ya sa kaset biyu, kowane mai minti 90, a na'ura ɗaya, bai taɓa komai ba, sai ɗaya ya fito da nauyin megabait, a ce, ɗari biyar, ɗayan kuwa ya tasam ma ɗari bakwai. Mai kaset ya ga haka sai zargi ya shiga. Wani ya ce ƙaramin ya yanke, a sake. Wani ya ce babban ya fi inganci, shi ma a yi masa irinsa. Wani ma ya ce yaron nan cutarsa yake yi don ya sayar masa da memori babba. Duka ukun nan sun yi kuskure, kuma dalilin kuskuren nasu shi ne abin da nake so in warware yau.

Bari mu fara da yadda sauti yake zama lamba. Sauti girgizar iska ce. In makaɗi ya doki fatar ganga, fatar ta yi gaba ta yi baya, ta tura iska, iskar ta zo ta kaɗa dodon kunne. Kwamfuta ba ta san girgiza ba, lamba ta sani. Don haka abin da ake yi shi ne a riƙa auna ƙarfin girgizar nan a kai a kai, ana rubutawa. A ƙa'idar faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, sau 44,100 ake aunawa a kowane sakan guda. An zaɓi adadi mai yawa haka domin kunnen yaro lafiyayye yana jin girgiza har zuwa wajen sau 20,000 a sakan, kuma lissafi ya nuna sai awon ya zarce ninki biyu na girgizar da ake son kamawa. Kowane awo ana rubuta shi da bit 16. Bit shi ne mafi ƙanƙantar abin da kwamfuta ke riƙewa, watau 1 ko 0, i ko a'a, kuma da bit 16 ana iya bambance matakai 65,536. Daɗin daɗawa kafa biyu ce, ta kunnen dama da ta hagu.

Wanda yake da biro ya buga: 44,100 sau 16 sau 2, ya ba da bit 1,411,200 a sakan, ko kuma a taƙaice kilobit 1,411. Bit takwas su ne bait ɗaya, saboda haka minti guda yana cin megabait 10 da rabi da 'yan kai, kaset mai minti 90 kuma ya ci kimanin megabait 950. Wannan shi ne ɗanyen sauti, wanda galibi ake ajiyewa a fayil ɗin WAV. Ku lura da abu ɗaya a nan: ɗanyen sauti ba ya bambanta nauyi. Ko kakaki ake busawa, ko ɗakin shiru yake kamar maƙabarta, bit 16 ɗin nan za a kashe wa kowane awo. Bambanci yana farawa ne sa'ad da aka ce za a matse.

Matsi iri biyu ne, kuma mutanen da ke noman rani a bakin dam sun san su duka biyun ko da ba su taɓa kwamfuta ba. Akwai wanda zai yanka tumatir ya shanya ya zama kauɗa. Kwando goma ya koma buhu guda, ya yi sauƙin ɗauka, kuma in an jiƙa shi miya za ta yi daɗi, amma duk ruwan da ka zuba masa ba zai koma ɗanyen tumatir ba. Wannan shi ne matsi mai asara, kuma MP3 shi ne sarkinsa. Injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus ne kan gaba wajen ƙirƙiro shi, ya zama ƙa'idar duniya a farkon shekarun 1990. Dabararsa ita ce zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura ba, alal misali ƙaramar ƙara da ta zo daidai lokacin da aka doki tambari. Akwai kuma wanda zai danna auduga cikin buhu ya take ta da ƙafa. Ta ƙanƙance, amma in an kwance bakin buhu ko zare ɗaya bai ɓace ba. Wannan shi ne matsi marar asara. FLAC, wanda wani Ba'amurke mai suna Josh Coalson ya fitar a 2001, shi ya fi yaɗuwa. Kamfanin Apple ma yana da nasa, ALAC, tun 2004. In aka kwance fayil ɗin FLAC, lambobin da suka shiga su ne za su fito, ɗaya bayan ɗaya, ba ragi ba ƙari.

To, ga inda gizo yake saƙa. Mai yin MP3 irin wanda muka saba da shi yana yanke wa kansa adadi tun kafin ya ji waƙar, ya ce kilobit 128 zan kashe a kowane sakan, ko me ya zo. Shi ya sa kowane minti yake cin kusan megabait ɗaya, kaset mai minti 90 ya tsaya a wajen megabait 86, na tafsiri ne ko na kalangu. Kamar tela ne da ya rantse yadi huɗu zai yanka wa kowa: yaro ya samu har da saura, ƙato kuwa a rage masa hannu a tsuke masa wuya. Nauyin ya tsaya wuri ɗaya, ingancin ne yake hawa yana sauka, sai dai ba a ganinsa a rubuce. FLAC kuwa tela ne mai ɗinki da awo. Ya ɗauki alkawarin riga za ta zauna daidai a jikin kowa, saboda haka ba shi da ikon faɗin yadi nawa sai ya ga mutumin. Ba shi yiwuwa a tsayar da inganci da nauyi duka biyu a lokaci guda. In an kafe ɗaya, tilas ɗayan ya yi yawo.

Amma mene ne "girman jiki" a wajen sauti, tun da mun ce minti da minti duk ɗaya ne? A nan nake roƙon ku ba ni hankalinku, domin in an gane wannan an gane sauran.

A ce an sa wani ma'aikaci ya riƙa auna zurfin ruwan dam ɗin Kazaure kowace safiya yana aikawa Dutse, kuma kowace lamba da ya rubuta sai ya biya kuɗinta daga aljihunsa. Lambobin da zan faɗa na misali ne kawai. Da rani ruwa yana ja a hankali: ranar Litinin milimita 5,042, Talata 5,031, Laraba 5,021, Alhamis 5,010, Jumma'a 5,000. In ba shi da wayo zai rubuta lambobi huɗu-huɗu kullum. In yana da ɗan wayo sai ya aika da ta farko cikakkiya, daga nan ya riƙa faɗin ragin kawai: 11, 10, 11, 10. In kuwa ya cika wayo, sai ya yi yarjejeniya da akawun Dutse ya ce, "Kullum ka ɗauka ruwa zai ja daidai yadda ya ja jiya, ni kuma in gaya maka da nawa ka kuskure." Ranar Laraba akawu zai kintaci 5,020, gaskiya kuwa 5,021 ce, sai a aika masa "ƙara 1". Alhamis ya kintaci 5,011, a ce masa "rage 1". Jumma'a ya kintaci 4,999, a ce "ƙara 1". Saƙon ya koma ɗan mitsitsi, amma akawun Dutse yana da ainihin zurfin ruwan, ko milimita ɗaya bai ɓace masa ba.

Yanzu a ce watan Agusta ya kama. Daren jiya an kwana ana ruwa, dam ya ɗaga; yau ko ɗigo; jibi rafuka sun kawo daga nesa. Kintacen akawu ya daina cin daidai, gyaran da za a aika masa ya koma ɗari biyu, ɗari uku, har ya kusa kai tsawon lambar asali. Ma'aikacin bai canza ba, yarjejeniyar ba ta canza ba, kwanakin wata ma kusan ɗaya ne, amma kuɗin saƙon Agusta ya ninka na Fabrairu. Ruwan ne ya daina bin tsari.

Abin da FLAC yake yi ke nan, sak. Yana yanka sautin gunduwa-gunduwa, galibi awo 4,096 a kowace gunduwa, abin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na sakan ba. A kowace gunduwa sai ya nemo ƙa'idar da ta fi iya kintatar awo na gaba daga 'yan awon da suka gabace shi, ya rubuta ƙa'idar, sa'an nan ya rubuta kuskuren kintacen kawai. Ita wannan dabara ta kintace ta girme shi. Masu binciken tarho irin su Fumitada Itakura a Japan da Bishnu Atal a Amurka sun yi aiki da ita a kan muryar ɗan Adam tun ƙarshen shekarun 1960. Kuskuren kuma ana rubuta shi da wani tsari da ke ba ƙananan lambobi gajeren rubutu, manya kuma dogo, wanda ake kira da sunan Robert Rice, injiniyan da ya yi aiki da shi a shekarun 1970 don aiko da bayanai daga kumbon hukumar NASA, bisa lissafin da Solomon Golomb ya wallafa a 1966. Saboda haka in kintace ya yi kyau, awon da ya ci bit 16 sai ya koma bit shida ko bakwai. In bai yi ba, ya tsaya a sha uku ko sha huɗu. Adadin bit a sakan yana canzawa ke nan daga gunduwa zuwa gunduwa a cikin waƙa ɗaya, kuma lambar da wayarka take nunawa matsakaici ce kurum.

Wane sauti ne rani, wane ne damina? Sautin da yake da amo ɗaya tsayayye, musamman mai kauri, shi ne mai sauƙin kintace, domin girgizarsa tana hawa tana sauka a hankali bisa tsari. Tsirkiyar da aka taɓa aka bari tana mutuwa da kanta, ko gurnanin tambari bayan an doke shi, ko wasali a bakin mai magana in ya ja "aa" ko "oo", duk irin wannan ne. Mai wuya shi ne sauti mai kaifi da wanda ba shi da amo: tafi, caki, sambani, kacau-kacau, ƙarar bindigogin 'yan bindiga, kofaton dawaki a kan tsakuwa, da baƙaƙe irin su "s" da "sh" da "ts", waɗanda in an duba su hucin iska ne kawai ta tsakanin haƙora. Ke nan in an ɗauki Ɗan Maraya shi kaɗai da kuntiginsa a ɗaki mai tsit, abin da za a zata shi ne fayil ɗinsa ya fi na hawan salla ƙanƙanta nesa ba kusa ba, inda kakaki da algaita da guɗa da ihun jama'a suke hawa kan juna. Babu mai hankalin da zai ce don haka waƙar Ɗan Maraya ta gaza a daraja, ko an ɗauke ta da ha'inci.

Na san akwai mai tambaya a zuci: ai waƙoƙinmu cike suke da maimaici, 'yan amshin Shata sukan maimaita amshi ɗaya sau da yawa a waƙa guda, me zai hana na'ura ta rubuta shi sau ɗaya ta ce "a maimaita"? Tambaya ce mai kyau, kuma haka ɗin ake yi wa rubutu. Shi ya sa littafi yake matsuwa ƙwarai in an sa shi a ZIP, domin kalmar "kuma" ta shafi na ɗaya ita ce dai ta shafi na ɗari, harafi da harafi. Sauti ba haka yake ba. Kunne ne yake jin amshin nan ɗaya ne. A wajen lambobi kuwa, amshin farko da na biyu ba su haɗu ko a awo ɗaya ba, domin wani ya ɗan riga wani buɗe baki, makaɗi ya ɗan ƙara matsa tsarkiyar kalangu, iska ta kaɗa. Bugu da ƙari FLAC ba ya waiwaye mai nisa: iyakar abin da yake dubawa don kintace awo 32 ne a baya, watau ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Bai san amshi ba, bai san waƙa ba, bai ma san akwai Shata ba.

Wani kuma zai ce, to a jira, wata rana gwanaye za su ƙirƙiro hanyar da za ta matse kowane sauti zuwa rabi ba tare da asara ba. Wannan ba za a yi ba har abada, kuma ba don ƙarancin basira ba ne. Hujjar ɗan firamare ma zai iya bin ta. Da bit uku, saƙo iri takwas ake iya rubutawa. Waɗanda suka fi su gajarta kuwa su ne masu bit biyu, guda huɗu, da masu bit ɗaya, guda biyu, jimla shida. In aka ce kowane ɗaya daga cikin takwas ɗin nan sai an gajarta shi, tilas wasu biyu su faɗa wuri ɗaya, kuma ranar kwancewa na'ura ba za ta san wanne za ta mayar ba. Haka lissafin yake ko bit biliyan ne. Claude Shannon, a maƙalarsa ta 1948 wadda ta kafa wannan fanni, ya nuna cewa kowane saƙo yana da iyakar da ba a iya matse shi ƙasa da ita, kuma iyakar nan tana bin yawan abin ba-zata da ke cikinsa. Masu FLAC sun san da haka, har suka yi tanadi: in gunduwa ta gagari kintace gaba ɗaya, sai a zuba ta yadda take ba matsi, in kuwa shiru ne tsantsa, lamba ɗaya ce take maimaita kanta, sai a rubuta ta sau ɗaya tak a wuce.

Sai dai kada wannan magana ta shiru ta ruɗe mu, domin a kaset babu shiru. Ku tuna hucin nan na "shiii" da ake ji tun kafin malam ya yi sallama. Daga garin ƙarfen da ke jikin zaren yake fitowa, kuma ba shi da wani tsari ko kaɗan, saboda haka babu abin da ya fi shi gagarar kintace. Ga abin takaici a nan: a tsohon kaset, kaso mai tsoka na nauyin fayil ba muryar malam ba ce, hucin nan ne ake adanawa da aminci, awo bayan awo. Kaset ɗin da aka kwafa daga kwafe, shi ma daga kwafe, huci uku ya tara, don haka fayil ɗinsa yana iya fin na asali nauyi alhali ya fi shi muni. Wanda ya zaɓi babba yana zaton ya fi kyau, ya share ƙarami, to ya yar da asali ya riƙe jika.

Ƙarfin ƙara ma yana da nasa hannu. Duk sa'ad da aka ninka ƙarfin sautin da ke shiga kwamfuta, kuskuren kintace shi ma ya ninka, kowane awo ya nemi ƙarin bit guda. A ƙa'idar CD, bit guda a kowane awo yana nufin ƙarin kilobit 88 a sakan. Ke nan mutum biyu za su ɗauki kaset ɗaya, wannan ya murɗa maɓallin ƙara sama, wancan ya bar shi ƙasa, su sami nauyi daban. Wannan ne ma ya sa waƙoƙin zamani na situdiyo, waɗanda ake cusa wa ƙara tun daga farko har ƙarshe don su yi amo a lasifikar biki, ba su cika matsuwa ba. Haka nan kafa biyun nan: in dama da hagu sun yi kama da juna, FLAC yakan ajiye matsakaicinsu da ɗan bambancin da ke tsakani, ya sami rangwame, in sun sha bamban, ya biya kuɗin kowace.

Me wannan yake nufi ga wanda zai yi aikin, ko jami'in da za a kawo wa takardar neman kuɗinsa ya sa hannu? Na farko dai, ba a iya faɗin nauyin tun kafin a gama, sai dai a ba da tsakani. Ga yawancin kiɗa, FLAC yakan mayar da fayil tsakanin kashi 50 da 70 cikin ɗari na ɗanyensa. Kaset ɗari masu minti 90 gigabait 95 ne a ɗanye, a matse kuwa wani abu tsakanin 48 da 67. Memori mai gigabait 64 tana iya isa, tana iya gazawa ana saura kaset biyar, ya danganta da tafsiri ya fi yawa a kwalin ko kiɗan salla. Mai hankali da babbar lambar yake yin kasafi. In kuwa za a bi shawarar ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, wadda take son a ɗauka da bit 24 da awo 48,000 ko 96,000, sai a ƙara shiri, domin a mataki na sama kaset guda ya haura gigabait uku a ɗanye, kuma ba ya matsuwa sosai, tun da ƙarin bit ɗin nan galibi huci suke ɗauke da shi.

Akwai wata lamba daga 0 zuwa 8 da manhajar FLAC take tambaya, wadda na ji wasu suna kira lambar inganci. Ba ta da alaƙa da inganci. Tana nuna yawan wahalar da kwamfuta za ta sha wajen neman ƙa'idar kintace mafi kyau; 8 ta fi jinkiri, fayil ya ɗan ƙara raguwa, amma sautin da zai fito daga 0 da na 8 ɗaya ne, bit da bit. Wanda yake shakka ba sai ya dogara da kunnensa ko da nauyin fayil ba. A cikin kowane fayil na FLAC akwai wurin wani hatimi na lissafi, MD5, wanda ake bugawa daga ɗanyen sautin tun ranar matsi. In an ba manhajar umarnin gwaji, sai ta kwance fayil ɗin ta sake lissafin ta gwada da hatimin. In ko awo ɗaya ya lalace, za ta faɗa. Da wannan ake raba gardamar "ya yanke" ko "bai yanke ba".

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kishiyar wannan, watau kauɗar da aka jiƙa aka zuba a kwandon ɗanyen tumatir. Mutum ya karɓi waƙa ta MP3 a shagon masu turi, ko ya ɗora waya a bakin rediyo ya ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, wanda shi ma matsi mai asara ne, sa'an nan ya mayar da ita FLAC. Fayil ɗin zai kumbura ya ninka sau biyar ko shida, ya yi kama da na ƙwarai a ido, amma abin da aka zubar ya riga ya tafi. An dai adana kauɗa da aminci. In aka ga haka aka jefar da kaset ɗin asali don an ce "ai yana kwamfuta", asarar ba ta da magani.

Haka kuma batun wanke huci. Akwai manhajoji da suke rage shi, kuma in an yi, muryar takan fito sarai, fayil ɗin ma ya ragu ƙwarai, abin gwanin sha'awa. Ni a ganina a yi wannan don kwafen saurare, wanda za a tura wa dangi a MP3 su ji a waya. Amma kwafen ajiya a bar shi da hucinsa, domin manhajar da ke kankare huci takan haɗa da "s" da "sh" na tsohon da ke magana, da numfashinsa, da muryar matar da ta gyara masa sunan wani gari daga bayan ɗaki. Kuma manhajar da za a yi nan da shekara goma za ta fi ta yau iya wankin, in ta sami asalin da za ta wanke. A ajiye shi a wuri biyu, ɗaya a gida ɗaya a hannun wani a wani gari, a rubuta a jikin fayil ɗin wane ne yake magana, a ina, wace shekara, kuma wa ya ɗauka. In za a aika shi ta WhatsApp, a aika shi a matsayin takarda, ta haka ne yake isa yadda yake. Kaset ɗin kansa kuma a mayar da shi cikin gidansa, a ajiye a tsaye, a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu.

Shugaban taro, na ga ana nuna mini agogo.